Amsa kan horar da ma'aikatan harkokin ɗalibai su auna aikinsu

Assalamu alaikum Malama. Kin ce hukumar jami'arku ta ɗora miki alhakin shirya wa ma'aikatan sashen harkokin ɗalibai horo kan yadda za su riƙa tantance shirye-shiryensu da amfanin da ɗalibai ke samu, kuma kina tambaya ko bitar kwana uku da ƙwararre daga waje zai gabatar za ta wadatar. Na shafe fiye da shekara goma a irin wannan sashe, na halarci irin wannan bita, na kuma taɓa shirya ta da kaina, saboda haka zan faɗa miki kai tsaye cewa ba za ta wadatar ba, ko da kuwa ƙwararren ya san aikinsa ciki da waje.

Bari in ba ki labarin abin da ya buɗe mini ido. Shekara da shekaru muna gudanar da taron wayar da kan sababbin ɗalibai, a ƙarshensa mu raba takardar tambayoyi, mu tattara, mu rubuta rahoto cewa zauren ya cika maƙil kuma mahalarta sun gamsu. Wata rana, wajen tsakiyar zangon farko, wata ɗaliba ta shigo ofishina idanunta sun yi ja, riƙe da takardar rajistar darussa wadda wa'adin gyara ta ya wuce da mako biyu. Na tambaye ta ko ta halarci taronmu, ta ce ta halarta daga farko har ƙarshe, har ma ta cike takardarmu. Washegari na tsaya a ƙofar ɗakin karatu ina tsayar da 'yan ajin farko ina yi musu tambayoyi uku: ina ofishin ba da shawara yake, yaushe ake rufe gyaran rajista, kuma wa ake kai wa ƙorafin cin zarafi. Mafi yawansu ba su iya amsa ko biyu ba. Ashe duk tsawon shekarun nan kujeru muke ƙirgawa da jin daɗin mutane, ba mu taɓa duba ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Donald Kirkpatrick, wani masanin horar da ma'aikata ɗan Amurka, ya fayyace wannan tun 1959, inda ya kasa auna horo zuwa matakai huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, abin da ya sauya a aikace, da sakamakon ƙarshe. Mu a matakin farko muka maƙale, kuma ina kyautata zaton yawancin ma'aikatanku ma a nan suke. Bitar kwana uku za ta koya musu sunayen matakan, amma ba za ta fitar da su daga na farkon ba.

Abin da ya yi mana aiki shi ne mu shimfiɗa horon a kan shekarar karatu guda, kowane ma'aikaci ya zaɓi shiri ɗaya tak daga cikin aikinsa na yau da kullum, ko na masaukin ɗalibai ne, ko na wasanni, ko na horar da shugabannin ƙungiyoyi. Zaman farko gaba ɗaya a kan rubuta jimla guda ya ƙare, wato me ɗalibi zai iya yi bayan shirin wanda da bai iya ba. Wannan ya fi wahala fiye da yadda ake zato. Mai kula da masauki ya fara rubuta cewa ɗalibai za su fahimci muhimmancin zaman lafiya, muka tambaye shi ta yaya zai gane sun fahimta. Sai da ya sake rubutawa sau huɗu kafin ya kai ga cewa shugaban ɗaki zai iya bayyana matakan da zai bi idan rikici ya tashi tsakanin abokan kwana, ya kuma gwada su a gabanmu. Da zarar jimlar ta tsaya da ƙafafunta, hanyar aunawa takan fito da kanta, kuma sau da yawa ba takardar tambayoyi ba ce, a'a kallon ɗalibi ne yana aiwatarwa, ana duba shi da ma'auni da aka rubuta tun farko.

Sai kuma darasin da nake ganin bai kamata a tsallake ba, wanda Alexander Astin, masanin ilimin jami'a ɗan Amurka, ya gina tsarinsa na tantancewa a kai: kafin a danganta sakamako ga wani shiri, dole a san abin da ɗalibi ya shigo da shi, sannan abin da ya tarar a jami'a, sannan abin da ya fita da shi. Mun taɓa murnar cewa masu zuwa darasin dabarun karatu sun fi sauran ɗalibai cin jarrabawa, sai da muka koma ga takardun shigarsu muka ga dama can su ne masu ƙwazo, waɗanda suka fi buƙatar darasin kuwa ba sa zuwa. Wannan ne ya sa muka sauya yadda muke gayyata, muka riƙa bi ta hannun malaman da ke ba ɗalibai shawara a sassansu.

Idan kina neman ma'auni da za ki jingina da shi, majalisar CAS da aka kafa a Amurka a 1979 tana fitar da ƙa'idoji ga kowane ɓangare na hidimar ɗalibai, haka kuma ƙungiyoyin ma'aikatan harkokin ɗalibai na Amurka guda biyu, ACPA da NASPA, sun sanya tantancewa da bincike cikin ƙwarewar da ake buƙata ga ma'aikacin wannan fanni a 2010, suka sabunta a 2015. Ki ɗauki abin da ya dace da ku, kada ki kwafa duka.

Akwai abin da babu ƙwararren da zai magance miki, shi ne tsoro. Ma'aikaci da ya ji kalmar tantancewa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ƙarin girma da takardar tuhuma, don haka zai kawo miki alƙaluma masu kyau kawai. Ki nemi shugaban sashe ya bayyana a gaban kowa, kuma a rubuce, cewa shiri ake aunawa ba mutum ba, kuma ya fara gabatar da gazawar wani shiri nasa kafin kowa. Haka nan a koya musu tun farko cewa bayanan ɗalibai amana ne, musamman na ofishin ba da shawara: a nemi izini, a cire sunaye, a taƙaita masu gani.

Ƙwararren kuwa ki gayyato shi, amma ki raba kwanakin nasa uku: ɗaya a farkon shekara don rubuta manufa, ɗaya a tsakiya lokacin da bayanai suka taru mutane suka rasa yadda za su karanta su, ɗaya a ƙarshe. A zaman ƙarshen kada ki karɓi rahoto mai kauri. Kowa ya zo da shafi ɗaya da ke nuna abin da ya auna, abin da ya gano, da abin da zai sauya a zango mai zuwa, ke kuma ki rubuta ranar da za ki koma ofishinsa ki duba ko ya sauya ɗin.