Jarin haɗin gwiwa: ku ƙara 20,000 lissafi ya zauna

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya: "Malam, mu bakwai ne muke so mu haɗa sefa 2,500,000 mu sayi albasa a Marwa mu kai Yawunde. Mun raba kuɗin gida bakwai ya ƙi fita daidai, kuma akwai mutum ɗaya ko biyu da ke neman shigowa. Yaya za mu yi?"

Alhaji, Allah ya sanya albarka. Matsalar tana cikin adadin da kuka zaɓa. 2,500,000 na da daɗin faɗa, amma idan aka warware ta, 2 ne da 5 kawai ake ta ninkawa: 2 guda biyar, 5 guda bakwai. Babu 3 a cikinta, babu 7. Shi ya sa ba ta rabuwa gida uku, shida, bakwai ko tara. Ku bakwai, kowa 357,142 zai kawo da ɗan guntu, wa ke da wannan canjin a kasuwa?

Shawarata ku mai da jarin 2,520,000. Lamba 2,520 ita ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 har 10 ba saura, domin 8 ce sau 9 sau 5 sau 7. Lambobi 48 ne ke raba ta daidai. Tunda kuma an ninka ta da dubu, kason kowa zai fito a takardun kuɗi, ba sai an nemi tsaba ba. Ku bakwai kowa 360,000. In kun zama takwas 315,000, in tara 280,000, in goma 252,000. Ko kun kai goma sha biyu, 210,000 ne cif. A goma sha ɗaya da goma sha uku ne take cijewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka riƙe: ka haɗa alƙaluman adadin, in jimillar ta rabu da 3 ko 9, adadin ma zai rabu. A 2,520,000, 2 da 5 da 2 sun ba da 9, to yana rabuwa da 3 da 9. Na 2,500,000 kuwa 7 ya bayar.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar rabon riba, domin a nan zumunci ke tsinkewa. Ku ɗauki jarin a matsayin kaso 2,520, kowane kaso sefa dubu, a rubuta na kowa gaban shaidu. Wanda bai da ƙarfin 360,000 ya ɗauki kaso 200, wani ya cike. A mazhabar Malikiyya riba da asara duka suna bin gwargwadon jarin kowa ne, kuma albasa kaya ce mai ruɓewa a hanya, saboda haka ku yi maganar asara tun mota ba ta tashi ba. Ribar ba za ta zo a dunƙule ba. Guntun da ya ƙi rabuwa ku bar shi a asusun kuɗin mota da 'yan dako na tafiya ta gaba, a rubuta wannan ma a takardar.