Ƙanena, kai ma ka shigo layin masu jira

Assalamu alaikum. Tun da safe na ga tambayarka, ina wajen aiki ban samu sukuni ba sai yanzu bayan isha'i. Ka ce yau wata huɗu ke nan da ka biya kuɗin Spitfire ɗin kamfanin Airfix mai 1/72 (ƙaramin samfurin jirgin sama na roba da ake haɗawa da hannu, kashi ɗaya cikin 72 na girman na gaske) da kwalaben fenti shida, jirgi shiru, fenti kuma an ce ba a san ranar tasowarsa ba, kana so ka sani ko damfararka aka yi ko kuwa haka abin yake. Wallahi da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Ba dariyar mugunta ba, kawai dai na ga kaina ne a cikin maganarka.

Yawanci haka abin yake, ba damfara ba ce. Amma akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana, kuma ni na haɗu da ɗaya. Bari in ba ka labari, waɗanda suka taɓa ji su yi haƙuri, har yau abin bai fita daga raina ba.

A farkon Fabrairun 2021 na yi odar Alpha Jet mai 1/48. Na daɗe ina burinsa, don ina so in yi masa launin sojan samanmu, su da suke tashi da irinsa tun shekarun 1980. Ni a Palladan na girma, kullum ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi suna shawagi a saman gidanmu, to ka san daga inda cutar ta samo asali. Na biya ta hannun wani ejan da ke kawo wa 'yan kasuwar Kano kaya daga Guangzhou. Ya ce kuɗin jirgin sama ya yi tsada, in bari ya cusa min a kwantenar wani, sati takwas ya zo. Na yarda. Kuskurena na farko ke nan, na biyu kuma ban lura cewa hutun sabuwar shekarar Chaina ya ƙarato ba, lokacin da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu, komai ya tsaya cak na makonni.

Sati takwas suka wuce. Na kira, sai ya ce, "Alhaji ba ka kallon labarai ne? Ai jirginku ne a bayan wanda ya toshe Suez." Lokacin kuwa da gaske Ever Given ya gicciye a mashigin tun 23 ga Maris, jirgi mai tsawon mita 400, ya kwana shida kafin a ciro shi, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bayansa. Na ce Allah sarki, ikon Allah, har ina ba shi haƙuri. Ni ina ba shi haƙuri fa! Sai daga baya wani abokina da ke harkar fiton kaya a Legas ya yi min dariya, ya ce yawancin jiragen da ke tasowa daga Chaina kai tsaye zuwa Legas ta ƙasan Afirka ta Kudu suke zagayowa, me ya haɗa su da Masar? A watan Yuni ya ce tashar jiragen ruwa ta Yantian a Chaina ce aka taƙaita aikinta saboda korona. Wannan ma ta faru, ban musa ba. Mutumin nan duk abin da ya ji a rediyo sai ya ɗaura wa kwalina. Ramin ƙarya ƙurarre ne dai, yaron shagonsa ne ya yi suɓul da baka ya gaya min cewa har watan Agusta kwalin yana kan kanta a Guangzhou, ko motsa shi ba a yi ba.

A watan Nuwamba ya iso, wata tara cif. Na hau mota daga Kwangila zuwa Kano musamman saboda shi. Aka miƙo min kwali ya zama kamar an zauna a kan gurasa. Ashe a ƙarƙashin katan-katan na tayil aka danne shi. Na buɗe a nan tsaye a bakin shago. Gilashin matuƙi ya tsage gida biyu, kuma kun sani duk abin da ya karye ana iya ɗinke shi da gam da bodi-fila amma ban da wannan. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Takardar sitika ta sha laima ta manne da littafin umarni, da na ɗaga sai lambobin suka biyo takarda. Na tsaya ina kallo, hannuna yana rawa. Sai ya leƙo ya ce, "Haba Alhaji, a kan abin wasan yara za ka ɓata rai? Ka sayo wa yaron mota a kasuwa mana." A gaban mutane. Har wani da ke zaune a kan benci ya tuntsire. Ban ce uffan ba, na naɗe kayana a leda na juyo. Daga Kano har Zariya ban yi magana da kowa a mota ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, kalmar nan ce. Har yau kwalin yana saman durowa, maiɗakina ta ce in jefar na ƙi. Ko sisi bai mayar min ba, kuma na bar shi da Allah.

To amma in cire son rai, akwai dalilin da ya sa kwalina ya yi wata shida a kan kanta, kuma shi ne ya shafe ka. A shekarar nan kuɗin ɗaukar kwantena mai ƙafa 40, wanda kafin korona bai kai dala 2,000 ba a manyan hanyoyi, ya haura dala 10,000 wajen watan Satumba. Idan wuri ya yi tsada haka, me ɗan kasuwa zai fara lodawa? Abin da ke kawo kuɗi. Ɗauki kwalin kit ɗinka, wato sassan jirgin da ba a haɗa ba, ka girgiza, rabinsa iska ce. Ba nauyi, sai cin wuri, kuma masu kargo girman kwali suke aunawa su caje ka in ya fi nauyin. Mu ne na ƙarshe a layi a masana'anta, mu ne na ƙarshe a kwantena, in an zo Apapa ko Tin Can ma babu mai gaggawa saboda jirgin roba.

Sannan su kansu kamfanonin ba kullum suke buga kowane kit ba. Kowanne yana da mazubinsa na ƙarfe, mai nauyi mai tsada, a ɗora a inji a narka roba a buga adadin da ake so, a sauke a ɗora na wani. In naka ya ƙare a kasuwa sai ka jira zagayowarsa, wani shekara, wani fiye. Shi ya sa za ka ga shago ya rubuta "ana sa ran zuwansa" alhali shi ma mai shagon bai san rana ba. Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, Turawa da Japanawa da yawa suka koma wa sana'ar nan don kashe lokaci, aka wawushe kantuna, har a Japan ɗin kanta 'yan mutum-mutumin Gundam na kamfanin Bandai suka yi wuyar samu. Ita kuma robar daga man fetur take, da sanyin nan mai tsanani ya faɗa wa Texas a Fabrairun 2021 masana'antun sinadarai suka tsaya, roba ta yi tsada a duniya. Kuma kit ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Wani robarsa a Chaina, sitikarsa daga kamfanin Cartograf a Italiya, kwalinsa daga wani gari. Abu ɗaya ya makara, duka sun makara. Tamiya kamfanin Shizuoka ne amma yawancin bugunsa a Cebu ake yi, can Filifins. Kamfanonin ICM da MiniArt na Yukiren ne, ka san abin da ya same su tun Fabrairun 2022, kuma abin mamaki ba su daina fitar da kaya ba.

Naka kuma, Airfix. Sunan na Ingila ne amma yawancin kayansu a Indiya ake bugawa, a ɗauka a jirgin ruwa a kai Ingila, sannan shago ya aiko maka. Hanyar Indiya zuwa Turai ta Bahar Maliya take, kuma a ƙarshen 2023 da 'yan Houthi suka fara kai wa jirage hari manyan kamfanoni suka koma zagaye Afirka, ƙarin kwana goma zuwa sati biyu a kowace tafiya. Ka ga a wajenka maganar Suez tana iya zama gaskiya, a wajena ce ta zama ƙarya. Saboda haka tambaya ɗaya za ka yi wa mai sayarwar, kada ka yi masa faɗa: kayan yana hannunka ko kai ma jira kake? In ya ce yana hannunsa, ya ɗauki hoto da takarda mai kwanan watan yau a kai. In ya ce an aiko, ya ba ka lambar bin sawu. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan biyun, nemi kuɗinka tun da sauran dama, don yawancin manhajojin saye suna da wa'adin kai ƙara, in ya wuce shi ke nan. Ni wa'adin nan ban da shi ma, tunda hannu da hannu na bayar. Cinikin biri a sama.

Ina zargin ma fentin ne ya riƙe maka jirgin. Don Allah jama'a ku daina haɗa odar fenti da kit, na faɗa na sake faɗa. Fenti mai mai, da tina, da gam ɗin Tamiya mai koren murfi, da gwangwanin feshi, duk masu kama wuta ne, gidan waya da jiragen sama ba sa ɗaukarsu kamar sauran kaya. Shago sai ya riƙe odar gaba ɗaya yana neman hanya, ko a tare kwalin a filin jirgi a mayar. Ka ce a raba, a aiko jirgin shi kaɗai. Fenti kuma ka nemi na ruwa irin Vallejo na Sifen, shi ya fi sauƙin wucewa. Ni yanzu ma rabin fentina daga masu sayar wa ɗaliban zane-zane da na taswirar gini kaya a Samaru nake saya, akirilik na tub, in tsinka shi da kyau in yi shafi uku sirara. Ba zai kai na asali ba, kada wani ya zo ya ce na ce ya kai. Amma daga nisan taku biyu sai gwani. Faramar mota ta gwangwani daga Sabon Gari ma tana yi, ka dai gwada a kan ragowar roba tukuna, kuma ka fesa daga nesa, akwai mai cin roba, na taɓa narkar da hancin jirgin MiG-21 da ita.

Tunda ana maganar fenti, in hunturu ya shigo kada ka yi shafi da taga a buɗe. Ƙurar Zariya ba ta da imani. Ni babbar robar abinci nake kifawa a kan jirgi da zarar na ajiye burushi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin in fara. Wannan ba shi ka tambaya ba, na sani.

Sai naira, wadda ita ce ta kashe mu fiye da kowane jirgin ruwa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kafin nan ma bankuna sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya. Dala 20, ko kuɗin aike ba ta kai ba. Abin da ya ƙara tura mu hannun ejan-ejan ke nan. Kuma 'yan tsirarun da ke shigo da kit Legas da Abuja suka ja baya, don wa zai zuba jari a kayan da zai yi shekara a kan kanta, kuɗin kwastan kuma yana bin dala?

Abin da nake yi yanzu, in na ga abin da nake so kuma yana hannun mai shago, in da hali ina saya a take, ba na cewa sai wata mai zuwa. Ba na biyan kuɗin abin da ba a buga ba tukuna. Ba na oda daga Chaina a Janairu ko farkon Oktoba. Ina roƙon mai aikowa ya cire gilashin matuƙi da sitika ya sa su daban a cikin ƙaramin kwali mai tauri, ko in biya ƙari. In wani ɗan'uwa zai dawo daga karatu ko aiki a waje, a jakarsa ya fi aminci, ka ce ya yar da kwalin ya naɗe rassan robar da sassan ke manne a kai a cikin riguna. Kuma mu daina oda ɗaiɗai, mu haɗa mutum biyar shida a kwali guda mu raba kuɗin aike. Na kawo shawarar nan bara kowa ya ce to, da aka zo tura kuɗi mutum biyu na gani.

Kada jiran ya sa ka ajiye wuƙa. Lokacin da nake jiran Alpha Jet ɗin nan, da hannu ya yi ƙaiƙayi, kara na samo daga gonar maƙwabci na yi wa ɗana motar kara irin wadda muke yi muna yara, har da sitiyari mai juyawa, daga nan na gwada jirgi da kwali da itacen ashana. Yaron ya fi son motar a kan duk jiragen da ke cikin gilashina.

Ina da koren duhu da ruwan ƙasa na Spitfire, kowanne ya fi rabin kwalba, da wani jirgin Hurricane 1/72 da na saya biyu bisa kuskure. In kana shigowa Samaru ranar Asabar bayan la'asar ka yi min magana ta gefe in fito maka da su, ka fara da shi kafin naka ya iso. Burushi dai ka zo da naka, ba na ba da aronsa.