Kifin salmon na kanti: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya: Likita, a Bradford ta Ingila nake zaune. Salmon ɗin da nake saya akwai hoton tafki da tsaunukan Scotland a ledarsa. Kamun masunta ne ko na kiwo?

Amsa: Hajiya, kusan tabbas na kiwo ne. Salmon na Tekun Atlantika da ke kantuna a keji ake kiwonsa cikin teku, galibi a Norway, Chile da Scotland. Hoton tsaunin nan aikin 'yan talla ne. Kantin Marks & Spencer ya daɗe yana sayar da nasa da sunan Lochmuir, alhali ko kin karaɗe Scotland ba za ki sami wuri mai wannan suna ba, ƙirƙira aka yi. Ki juya ledar. A ƙananan rubutun baya doka ta tilasta a faɗi ko kiwonsa aka yi, da ƙasar da ya fito.

Tambaya: An ce fenti ake sa masa ya yi ja. Ba ya cutarwa?

Amsa: Ba shafa masa ake yi ba. Na daji yana samun launin daga jatan lande da yake ci, na keji kuwa a abincinsa ake zuba sinadarin astaxanthin, in ba haka ba namansa fari-fari zai fito. An amince da shi a abinci. Sai dai jan ba shaidar inganci ba ne.

Tambaya: Ina da hawan jini, an ce in riƙa cin salmon. Na leƙa wani kanti a Abuja, kuɗinsa ya kore ni. Ya zan yi?

Amsa: Alhaji, ka bar kuɗinka a aljihu. Abin da ake nema a salmon shi ne man omega-3, kuma titus da shawa da sardin na gwangwani suna da shi a wadace. Binciken Jami'ar Stirling na 2016 ma ya nuna omega-3 na salmon ɗin kiwo a Scotland ya ragu da kusan rabi tsakanin 2006 da 2015, saboda an koma ciyar da shi da man tsirrai. Har yanzu kifi ne mai kyau, amma bai fi titus ɗin kasuwar Wuse ba. Ka ci kifi sau biyu a mako, a gasa ko a dafa, a rage gishiri da dunƙule. Kuma kifi ba ya maye gurbin maganinka, kar in ji ka ajiye shi.

Tambaya: Ina da juna biyu, zan iya ci?

Amsa: Ki ci, 'yar'uwa, yana cikin kifayen da ba su da sinadarin makuri (mercury) mai guba da yawa. Kar ki wuce sau biyu a mako. Wanda aka yi wa hayaƙi mai sanyi aka yayyanka siri-siri, ki guje shi sai an dafa ya yi tururi, don ƙwayar listeriya tana iya taɓa cikin.