Tambayi Likita: Hannun Roba Mai Launi, Warin Firinta da Batun Buga Ƙoda

Tambayoyin wannan makon duk a kan firintar 3D suke, wato na'urar da ke shimfiɗa narkakkiyar roba ko garin ƙarfe hawa-hawa har abu ya tashi da siffarsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An haifi ɗana babu yatsu a hannun dama, yanzu shekararsa shida. Na ga bidiyon yara da hannayen roba ja da shuɗi suna cafe ƙwallo. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya shi. Gaskiya ne. Wani kafinta ɗan Afirka ta Kudu, Richard Van As, inji ya yanke masa yatsu a 2011, sai ya haɗa kai da Ba'amurke Ivan Owen suka ƙera yatsun roba, a 2013 kuma suka saka zanen a intanet kyauta. Daga nan ƙungiyar 'yan sa-kai ta e-NABLE ta samo asali.

Irin wannan hannu ba ya amfani da batir. Yaro na lanƙwasa wuyan hannu, igiyoyin da ke bayan yatsun sai su ja, yatsu su dunƙule. Ya miƙe, su buɗe. Saboda haka sai wuyan hannunsa na motsi, in ba haka ba a yi masa mai aiki da gwiwar hannu. Zai riƙe kofi ko kan keke, amma ba zai ɗauki kaya mai nauyi ko ya ɓalla maɓallin riga ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yaron ne ke zaɓar launi. Wanda ya saba cusa hannu a aljihu sai ki ga yana ɗaga shi, abokai sun kewaye shi kowa na son taɓawa. Wannan ma magani ne. In ya girma kuma, a ƙara girman zanen a sake bugawa. Sai dai ki fara kai shi wurin likitan ƙashi ya auna shi, ki riƙa duba fatar kullum ko ta yi ja ko ta saluɓe. In kuma ya ajiye shi ya koma yadda ya saba, kada ki matsa masa.

Tambaya: Likita, ina da firinta a ɗakin kwanana, ina buga kayan wasa da kofuna. Warin yana sa ni ciwon kai.

Amsa: Malam, fitar da ita daga ɗakin kwana yau ɗin nan. Bakinta na kai zafin digiri 200 ko fiye, kuma robar na sakin tururi da ƙura wadda ido ba ya gani. Cikin robobin da ake sa wa firinta, mai suna ABS ta fi mai suna PLA fitar da su. Ka ajiye ta inda iska ke shiga da fita, nesa da mai asma. Kofunan kuwa su zama na ado: tsagin da ke tsakanin hawa-hawan yana ɓoye ƙwayoyin cuta, PLA kuma tana laushi tun daga digiri 60, balle a tafasa ta. Ƙananan kayan wasa, kada su shiga hannun yaron da bai kai shekara uku ba, zai iya shaƙewa.

Tambaya: Mahaifinmu yana wankin ƙoda. An ce yanzu ana buga ƙoda. Mu jira?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku jira, kada kuma ku ba kowa kuɗi a kan wannan. Babu ƙodar firinta da ake dasa wa mutum. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta, kuma nan gizo ke saƙa. Abin da ya yiwu shi ne sassa masu sauƙin gini. A 2011 an sa wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙin ƙarfen titaniyam a Holan. A 2019 Farfesa Mashudu Tshifularo na Jami'ar Pretoria ya maye gurbin ƙananan ƙasusuwan cikin kunne da bugaggu. Likitocin tiyata kuma kan buga samfurin ƙoda daga hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka, su juya shi a hannu kafin su shiga aiki. Ku ci gaba da wankin, ku tattauna batun dashe da likitansa.

Tambaya: Wai har ƙwayar magani ana bugawa?

Amsa: Ƙwarai. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya. An buga shi sakwa-sakwa, kurɓin ruwa ɗaya ya narke a baki, abin da ke taimakon masu wahalar haɗiya. A masana'anta ake yin sa, ba da firintar gida ba, kuma mai farfaɗiya kada ya canza magani sai da izinin likitansa.