Juya rigar ka ga cikinta

Ka ce a baje kolin tufafin da ka je Abuja ka ga wata riga da aka haɗa da tsofaffin wandunan jins, kuɗin da aka rubuta a jikinta ya fi abin da shagon nan ke samu a wata guda. Kana tambaya ko mu ma mu fara, kuma ko ba faɗuwa ba ce a ga tela yana ɗinkin gwanjo. To, ajiye almakashin nan ka saurara.

Maganar faɗuwa ka cire ta daga ranka. Kakanninmu ba sa jefar da tufa. Babbar riga in ta tsufa a mayar da ita 'yar shara, in ta ƙara tsufa a yanka wa yaro, abin da ya rage a yi tsumma. Kuma abin da ka gani ba yau aka fara ba. Akwai wata mai zanen tufafi a Abuja, Nkwo Onwuka, da ke yayyanka tsohon jins tana harhaɗa shi ya zama sabon ƙyalle da ta sa wa suna Dakala, kuma har ƙasashen waje ana sayen kayanta. Zuwa kallo ma ba ɓata lokaci ba ne. A 2022 gidan tarihin Victoria and Albert na Landan ya ware baje koli guda don tufafin Afirka, har da aikin Alphadi, mai zanen tufafi na Nijar, mutumin da ya kafa bikin nunin tufafin Afirka na FIMA a hamadar Agadas a 1998.

Sai dai ina da tambaya. Ka ga cikin rigar?

Na san ba ka gani ba, don a irin wuraren nan ba a bari a taɓa. An ɗora ta a jikin mutum-mutumi, an haska mata fitila, wataƙila ma an ɗame bayanta da fil don ta zauna. Mutum-mutumi ba ya zama, ba ya ruku'u, ba ya hawa babur. Mai kawo maka ɗinki yana yin duk ukun kafin azahar. Saboda haka in ka sake zuwa, kada ka tsaya ɗaukar hoto kawai. Zagaya ta baya, durƙusa ka leƙa kalmasar ƙasa, duba inda ɗinkin kafaɗa ya faɗa, ka ƙirga ƙyalle nawa aka haɗa, ka zana a takarda. Kuɗin da ka gani kuwa har da kuɗin ɗakin da kuɗin suna, kai kuma ba ka da ko ɗaya tukuna.

Inda za ka taɓa ka juya yadda kake so shi ne kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai a Kano. Ka je da sassafe ranar da ake fasa dila, kafin 'yan zaɓe su kwashe na kirki. Dila guda takan kai kilo 45 zuwa 55, kuma ba duka ne abin sawa ba. A kasuwar Kantamanto ta Accra an ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa bola yake ƙarewa. Kai dai ba dila za ka saya ba, zaɓe za ka yi. Shigo da gwanjo ma yana cikin abin da kwastam ta hana, shi ya sa yake biyowa ta Kwatano, wannan kuma ba sana'armu ba ce.

Duk abin da ka ɗauka, ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. Inda haske ya fi ratsawa, nan yadin ya mutu: hammata, gwiwar hannu, bakin kwala, tsakanin cinya. Yagewa ana ɗinke ta, amma yadin da ya sille ba ya riƙe zare. In kana shakkar irin yadin, zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ƙamshin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, ya murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Wannan na ƙarshe, a zafin Afrilu, ba za ka yi wa mutum adalci ba in ka sa masa shi.

Kwat kuwa a kafaɗa ake sayensa. Ciki in ya yi yawa a rage, hannu in ya yi tsawo a naɗe, amma kafaɗar da ta zarce ta mai ita sai an warware hannu da shafi da abin da aka cusa ciki, aikin ya fi ɗinka sabo wuya. Wandon kwat yakan zo da rarar inci ɗaya ko biyu a ɗinkin baya, ana iya buɗa shi. Jins ba shi da wannan rarar, ragewa kawai ake yi. Kuma in ka saki kalmasar ƙafarsa, farin layin tsohon ninkin zai fito, guga ba ta ɓatar da shi.

Yanzu ga abin da ke kayar da yara. Gwanjo ya sha wanki, ya gama shanyewa. Sabuwar atamfa ko saƙi ba su fara ba. In ka haɗa su ka ɗinka haka, wankin farko sabon zai ja, ɗinkin ya tattare, launin ma ya zuba a kan tsohon. Jiƙa sabon, ka shanya, ka goge, sannan ka yanka. Ka kuma daidaita nauyi, kada ka haɗa jins mai kauri da yadi mai shara-shara, mai kaurin zai yaga ɗan'uwansa daidai bakin ɗinki. Allura lamba 16 ko 18 za ka sa wa jins, ka buɗe tazarar ɗinkin, inda ninki ya taru kuma ka bubbuga shi da guduma kafin keke ya hau. Keken nan namu, Butterfly, zai iya, in ka juya da hannu a wurin tudun.

In launuka sun ƙi jituwa, kai su marinar Ƙofar Mata. Shi jins ai rinin shuɗi ne tun asali, shi ya sa yake karɓar baba da kyau. Amma ka faɗa wa mai kaya tun da wuri cewa zaren roba ba ya shan rini: yadin zai yi duhu, layin ɗinkin ya tsaya da launinsa. Wani yana son haka, wani zai ce ka ɓata masa riga.

Wajen haɗa kaya a jiki, ni ra'ayina abu ɗaya ne ya kamata ya yi magana. In rigar sama mai faci-faci ce, kaftanin da ke ƙasa ya zama fari ko toka, hula ma mai sauƙin aiki. Yaran yanzu sai su jibga komai lokaci guda, wai gayu. Kuma tsohuwar babbar riga mai aikin hannu, irin aska takwas, in ta faɗo hannunka kada almakashi ya kusanci aikin, kawo mini mu duba tare.

Gobe ka karɓi kuɗi a aljihun tebur, ka samo kwat ɗaya mai shafi, ko da ya yage, mai arha. Da reza za ka warware shi, zare-zare, ba yanka ba. Kowane ƙyalle ka goge shi, ka shimfiɗa a takarda ka zana gefensa, ka sa masa lamba da alli. In ka gama sai ka mayar da shi yadda yake. Hannun ne zai ba ka wahala, don kansa ya ɗan fi ramin da yake shiga faɗi, kuma dole ya shige ba tare da ya tattare ba.