Tambaya da Amsa: Na Sayi Gida, Amma Takardar Haraji Tana Zuwa da Sunan Wanda Ya Sayar Mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan da na sayi gida a cikin birnin Kano. An yi cinikin a gaban mai unguwa da dillali da shaidu huɗu, na biya kuɗin lakadan, aka rubuta takardar ciniki kowa ya sa hannu, kuma mai gidan ya miƙa mini ainihin takardar shaidar mallaka, wato satifiket. A watan jiya sai aka liƙa takardar neman kuɗin ƙasa a ƙofar gidan, tana ɗauke da sunan wanda ya sayar mini, har da bashin shekarun da ban shiga gidan ba. Shin wannan bashin nawa ne ko nasa? Kuma me ya sa gwamnati ba ta san cewa gidan ya koma hannuna ba? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Gwamnati ba ta san gidan ya koma hannunka ba saboda ba wanda ya sanar da ita ta hanyar da take karɓar sanarwa. Cinikin da kuka yi a zaure ya inganta a tsakaninku, kuma takardar da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfaninta, domin ita ce shaidar cewa ka biya kuɗi an miƙa maka gida. Sai dai wannan takarda ba ta taɓa shiga kundin ofishin ƙasa ba, alhali daga wancan kundin ake ciro sunan wanda za a aika wa takardar haraji. Muddin ba a sauya sunan da ke cikin fayil ɗin fulotin ba, wanda ya sayar maka shi ne mai gida a idon hukuma, ko da ya bar garin, ko da ya riga mu gidan gaskiya.

Tushen lamarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma ba ta kariya a cikin tsarin mulkin ƙasa. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mutum yake riƙe da shi shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin, wanda ga gidajen zama akasari shekara 99 ake rubutawa a satifiket. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, sannan Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kanta. Kuɗin ƙasa da ake nema daga gare ka duk shekara daga nan ya samo asali: ladan zama ne a kan ƙasar da gwamna ke riƙe da amanarta, kuma yana cikin sharuɗɗan da aka rubuta a jikin satifiket ɗin da ke hannunka.

Sashe na 22 na dokar ya haramta wa mai irin wannan haƙƙi ya sayar da shi, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani, ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da aka yi saɓanin tanadin dokar ba shi da ƙarfi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da tsananin wannan sharaɗi a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta yanke cewa har wanda ya mallaki wurinsa tun kafin 1978 sai ya nemi amincewar gwamna kafin ya jinginar da shi. Ban kawo wannan don in tayar maka da hankali ba, domin kotuna suna la'akari da wanda ya biya kuɗi ya kuma tare a wurin. Amma haƙƙin da kake da shi a yanzu bai kammala ba, kuma idan aka samu wani ya sayi gidan nan a hannun mutumin ko magadansa ba tare da sanin cinikinka ba, ya riga ka yin rajista, to kai ne za ka sha wahalar kare kanka.

Hanyar gyarawa sananniya ce, ko da yake tana cin lokaci da kuɗi. Da farko lauya zai nemi a bincika fayil ɗin fulotin a hukumar da ke kula da bayanan ƙasa, wadda a Kano ake kira KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja kuma AGIS. Binciken zai nuna sunan da ke kan fulotin, da ko an taɓa jinginar da shi a banki, da ko akwai ƙara ko umarnin kotu a kansa, da kuma adadin kuɗin ƙasa da ya taru. Daga nan lauyan zai rubuta cikakkiyar takardar miƙa mallaka, wadda ta bambanta da takardar zaure, domin tana ɗauke da lambar satifiket da lambar fuloti da taswirar safiyo da farashin da aka biya, kai da wanda ya sayar maka ku sa hannu a gaban shaidu. Ita ake haɗawa da takardar neman amincewar gwamna, kuma a ƙa'ida mai sayarwa ne ke neman amincewar, tunda sunansa ne a kan haƙƙin. Wannan ne ya sa nake ba ka shawarar ka nemo mutumin nan tun yana da rai da lafiya, domin idan ya rasu sai ka bi magada ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kowane magaji ne zai sa hannu a kan cinikin da bai halarta ba.

A wannan mataki ne haraji ke shigowa sosai. Jami'an ƙiyasi za su zo su duba gidan su yanka masa daraja, kuma ba dole ba ne su tsaya a kan farashin da kuka rubuta, saboda an daɗe da sanin cewa wasu suna rage farashi a takarda don a rage musu abin biya. A kan wannan ƙiyasi ake lissafa kuɗin amincewa, da kuɗin hatimi, da kuɗin rajista. Kuɗin hatimi, idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, hukumar tara haraji ta jiha ce ke karɓa, idan kuwa akwai kamfani a ciki, na gwamnatin tarayya ne. Akwai kuma harajin ribar sayar da kadara, wanda tun 1967 ake da dokarsa, aka daɗe ana karɓar kashi 10 cikin ɗari na ribar, kafin sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 su sake masa fasali. A doka wannan haraji na mai sayarwa ne, tunda shi ya ci riba, amma a aikace sau da yawa mai saye ake barin wa, domin shi ne ke da buƙatar takarda ta fito. Adadin kowane ɗaya ya bambanta daga jiha zuwa jiha kuma ana sauya shi, don haka ka nemi a ba ka lissafin a rubuce, ka biya ta banki, ka adana rasidi.

Bayan an biya, an samu amincewa, an buga hatimi, sai a kai takardar ofishin rajistar ƙasa. Idan ka karɓo ta, ka duba jikinta za ka ga an rubuta lamba kaza, shafi kaza, kundi kaza, tare da ranar da aka shigar da ita da sa hannun magatakarda. Waɗannan lambobi uku su ne adireshin cinikinka a wurin gwamnati, kuma ranar da ke jikinsu ita ake dubawa idan mutum biyu suka zo da takardu a kan fuloti ɗaya. Daga wannan rana ake sauya sunan da ke cikin fayil da na'ura, takardar kuɗin ƙasa ta shekara mai zuwa kuma ta fito da sunanka.

Game da bashin, tsakaninka da wanda ya sayar maka, adalci shi ne ya biya na shekarun da gidan ke hannunsa, kai kuma ka biya na shekara shida da ka yi a ciki. Amma hukuma ba ta raba bashin haka. A kan fulotin take rubuta shi, kuma ba za ta amince da sauya suna ba sai an share shi gaba ɗaya. Na taɓa raka wani ɗan'uwana wani ofishin ƙasa a kan irin wannan matsala, aka ɗauko fayil mai ƙura wanda igiya ta ɗaure, ma'aikacin ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mana rasidin da aka biya tun shekarun baya, daga shi babu wani, sannan ya ɗauki biro ya shiga lissafa shekarun da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya a bayan wata takarda. Wanda ya sayar wa ɗan'uwan nawa ya riga ya rasu, 'ya'yansa kuma sun watse, dole shi ya biya duka. Da an yi bincike kafin a biya kuɗin gida, da an cire wannan bashi daga cikin farashi a ranar ciniki. Kada kuma ka yi watsi da takardar da aka liƙa maka don ba sunanka ne a jiki ba, domin saɓa wa sharuɗɗan satifiket, ciki har da ƙin biyan kuɗin ƙasa, yana cikin dalilan da sashe na 28 ya ba gwamna damar soke haƙƙin zama a kansu.

TAMBAYA: Malam, ina biyan harajin gida ga ƙaramar hukumarmu duk shekara, kuma rasidan suna ɗauke da sunana. Fulotin awon igiya ne, ba ni da satifiket. Shin waɗannan rasidai sun isa shaidar cewa gidan nawa ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya, ba su isa ba, amma kada ki yar da ko ɗaya daga cikinsu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar harajin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. Kundin da ake amfani da shi wajen wannan aiki daban yake da kundin ofishin ƙasa. Ma'aikacin da ke zagayawa layi-layi yana rubuta gidaje abin da yake nema shi ne gini da wanda zai biya, saboda haka yakan rubuta sunan wanda ya tarar a ciki ko wanda maƙwabta suka faɗa masa, ba tare da ya nemi ganin takardar mallaka ba. Ta haka sunan ɗan haya ko mai riƙon amana kan shiga rasidi. A wasu jihohi an haɗe wannan haraji da kuɗin ƙasa ya zama biya ɗaya da jiha ke karɓa, kamar yadda Legas ta yi tun 2001, amma ko a can biyan haraji bai zama takardar mallaka ba.

Amfanin rasidanki shi ne suna nuna tsawon lokacin da kika yi kina riƙe da wurin a fili ba a ɓoye ba, kuma za su ƙarfafa miki idan kika haɗa su da takardar ciniki da shaidar mai unguwa da dagaci wajen neman a mayar da fulotin cikin tsarin gwamnati. Abin da za ki fara tantancewa shi ne ko unguwarku tana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. Idan tana ciki, takardarki daga jiha za ta fito. Idan tana wajensa, ƙaramar hukuma ce ke bayar da haƙƙin zama na gargajiya a ƙarƙashin sashe na 6, kuma ita ake neman amincewarta idan za a sayar. Unguwanni da yawa na awon igiya gonaki ne da gari ya cinye, masu su suna riƙe da takardar ƙaramar hukuma alhali wurin ya daɗe da komawa ƙarƙashin ikon jiha, shi ya sa nake so ki fara da wannan tambaya kafin ki biya safiyo.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu, kotun shari'a ta raba gado, gida ɗaya ya faɗo a rabona ni da ƙanwata. Tunda ba saye muka yi ba, sai mun je ofishin ƙasa? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙuri. Sai kun je, Malam. Alƙali ya tabbatar da rabonku, amma hukuncinsa ba ya tafiya da ƙafarsa zuwa fayil ɗin fulotin, ku ne za ku kai shi. Ku karɓi kwafin hukuncin rabon gadon mai ɗauke da hatimin kotu, ku haɗa da shaidar rasuwa da ainihin satifiket da rasidan kuɗin ƙasa, ku rubuta takardar neman a mayar da haƙƙin zuwa sunanku. Tunda ku biyu ne, ku zauna da ƙanwarka ku yanke shawara tun yanzu: ko a rubuta sunayenku tare a kan takarda ɗaya a bayyana kason kowa, ko a kira safiyo ya raba fulotin idan girmansa da dokar tsara gari sun ba da dama, ko ɗayanku ya fanshi kason ɗayan, wanda a wannan hali ciniki ne da ke buƙatar tasa takardar. Ina roƙonka musamman ka tabbata sunan ƙanwarka ya shiga takardar, domin sau da yawa ana rubuta sunan ɗa namiji shi kaɗai da niyyar sauƙaƙa zirga-zirga, bayan shekara ashirin kuma 'ya'yanta su zo neman kason mahaifiyarsu su tarar babu inda kundin gwamnati ya ambace ta.