Shin gwamnatin Amurka na iya tsayar da aikin lantarkin iska da ta ba wa izini?

Tambaya: Malam, na ji cewa gwamnatin Amurka ta dakatar da kafa injinan lantarki masu aiki da iska a cikin teku, sai kotu ta ce a ci gaba. Ashe gwamnati ba ta da ikon janye izinin da ita da kanta ta bayar?

Amsa: Tana da iko, amma doka ba ta bar shi ga ganin damarta ba. A yawancin jihohi, ruwan da ya wuce mil 3 daga gaɓa yana hannun gwamnatin tarayya, kuma BOEM, hukumar kula da makamashin teku, ce ke ba da hayarsa. A 2021 gwamnatin Joe Biden ta sa burin samar da megawat 30,000 daga iskar teku zuwa 2030, har gwanjon filayen ruwa kusa da New York ya tara dala biliyan 4.37 a 2022. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da Donald Trump ya koma mulki, ya hana sabuwar haya, ya kuma dakatar da ba da izini.

Abin da ya fi nuna inda gizo ke saƙa shi ne aikin Revolution Wind na Ørsted, kamfanin makamashi na ƙasar Denmark, kusa da jihar Rhode Island. A watan Agustan 2025 aka umarce shi da ya tsaya bisa dalilin tsaron ƙasa, alhali injina 45 cikin 65 sun riga sun tsaya a ruwa, jiragen ɗaga kaya da ake haya da tsada kuwa suna zaune babu aiki. Ranar 22 ga Satumba, alƙali Royce Lamberth ya ba da damar ci gaba, domin wata dokar 1946 ta wajabta wa hukumomin tarayya su kafa hujja mai ma'ana kafin su sauya matsayi, kuma a ganinsa ba a kafa ba. A Disamba, alƙaliya Patti Saris ta soke dakatar da ba da izinin da Trump ya yi a Janairu, bayan ƙarar da jihohi 17 suka shigar.

A ra'ayina, nasarar kotu ba ta warkar da babbar ɓarnar ba, wato tsoron masu zuba jari a aikin da sai an kashe biliyoyi kafin a sayar da wutar farko. Tun kafin a taɓa Revolution Wind, Ørsted ya kasa samun mai sayen wani kaso na wani aikinsa na lantarkin iska a tekun Amurka mai suna Sunrise Wind, sai ya koma neman kuɗin Denmark krona biliyan 60 daga masu hannun jarinsa.